Daga Zaure Zuwa Otal: Tarihin Tafiyarmu Zuwa Biranen Asiya

A zamanin nan, mutumin Kazaure ko Roni yana iya yin sallar asuba a gida, ya hau mota ya bi ta Dambatta zuwa Kano, ya shiga jirgi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, kafin a kira sallar lisha yana birnin Jidda. Ya yi kwana goma ko mako biyu tsakanin Makka da Madina, ya yi Umra ya dawo. In dangi suka taru yi masa barka da sauka aka ce, "Malam, yaya hanya?" sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Aka ce, "Yaya mutanen can?" ya ce, "Suna gaishe ku." Shi ke nan labari ya ƙare, sai rabon dabino da zamzam. Babu wanda zai ji a wane irin ɗaki ya kwana, su nawa ne a ciki, da me ya karya kumallo, nawa ya saya, ko abin da idonsa ya gani har ya riƙe baki.

Mukan manta cewa Makka da Madina da Jidda duk a nahiyar Asiya suke. Da an ce Asiya sai hankalinmu ya tafi Indiya da Sin da Japan, alhali kuwa kakanninmu sun san hanyar wannan nahiya tun ɗaruruwan shekaru. Abin da yake sabo shi ne gajartar tafiyar, watau abin da a da kan ci shekara biyar ko goma, ko ma ya cinye rayuwar mutum ɗungum, yau ya koma na 'yan kwanaki. A wannan maƙala za mu bi sawun abubuwa uku da ke gaban kowane matafiyi, masauki da abinci da abin kallo, mu ga yadda suka sauya. Abin da muka lura da shi, muke kuma so 'yan'uwa marubuta su duba tare da mu, shi ne har yau in Bahaushe ya tashi tafiya, wurin mai masauki ya nufa, garin kuwa sai abin da mai masaukin ya nuna masa. Wannan ɗabi'a ta tsare mu daga wahala mai yawa, ta kuma hana mu ganin abubuwa da yawa.

Zaure da Zango

Bari mu fara daga gida. Masu ba da tarihin baka sun ce sunan Kazaure kansa daga zaure ya samo asali. Wai lokacin da Dambo ɗan Ɗantunku ya fito farauta daga Dambatta, sai ya iso wani wuri da duwatsu suka kewaye, wani daga cikin mutanensa ya ce wurin nan kamar zaure. Ko labarin haka yake ko an yi masa ado, abin da aka tabbatar shi ne Ɗantunku ne ya kafa masarautar bayan ya yi jayayya da Sarkin Kano Ibrahim Dabo tun daga 1819, ɗansa Dambo kuma, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ya mai da Kazaure hedkwata. Ƙasar kuwa a kan mararraba take. Kano tana kudu, Daura tana arewa, Roni da Gwiwa suna kallon ƙasar Katsina, ta wajen Ɓaɓura kuma hanya ta miƙe zuwa Magarya da Damagaram. Wurin da ke tsakanin manyan kasuwanni irin waɗannan ba ya rabuwa da baƙi.

To, a ina baƙon yake kwana? In shi kaɗai ne, malami ko almajiri ko mai neman dangi, sai ya nufi ƙofar mai gari ko liman, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, da dare akushi ya fito daga cikin gida. Ba a tambayarsa ko anini, domin an ce baƙonka Annabinka. In kuwa ayarin fatake ne da jakuna da takarkarai, madugu yana gaba, sai su ya da zango a bayan gari, matan gari su fito musu da fura da tuwo da dambu na sayarwa. A manyan garuruwan ciniki akwai wani mutum da ya kamata mu riƙe sunansa, domin za mu sake gamuwa da shi a Makka har ma da ƙasar Sin, watau fatoma. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, in rigima ta taso ya tsaya masa gaban hukuma. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, la'adarsa tana cikin ciniki. Da wannan tsari fatakenmu suka kai Gwanja sayen goro, suka kafa unguwannin da har yau ake kira Zango a Kumasi da Ankara.

Doguwar Hanyar Gabas

Tsohuwar hanyar Hajji ta hamada ce, ta Agadas da Gat da Murzuk zuwa Masar. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi gida a Alƙahira domin ɗalibai da alhazansu, wanda ke nuna cewa matsalar masauki ta daɗe tana damun mutanen ƙasashen nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas da niyyar Hajji, aka mai da shi gida saboda bai nemi iznin mahaifinsa ba.

Amma hanyar da talakawan ƙasar Kano da Kazaure suka fi sani ita ce ta Sudan, wadda ta cika da jama'a bayan zuwan Turawa. A 1903 Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi Gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi. An kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sannar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga nan hanya ta buɗe. Mai niyya ya tashi daga Kano zuwa Yarwa, ya bi ta Dikwa da Kusuri ya haye zuwa Fallomi, wadda aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973, ya ratsa Wadai ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Jinena da Fashir, har Al-Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Daga can sai Hartum, sai Sawakin ko Bur Sudan, sannan a haye Bahar Maliya zuwa Jidda.

A taswira abin kamar wasa. A ƙasa kuwa, mutum yakan fito da matarsa da 'ya'yansa da jaki ɗaya, guzurinsa ya ƙare tun kafin ya fita Barno. Daga nan sai sana'a ta ciyar da shi: wanzanci, dukanci, ɗinkin hula, ga-ruwa, rubutun sha, ko ƙwadago. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu ne suka zama manyan masu tsinkar audugar. A yi damina a nan, a tara abin da aka tara, a matsa gaba. Kowane gari kuma akwai unguwar Takari, kamar yadda ake kiranmu a can, da shehunta wanda zai karɓi sabon zuwa, ya ba shi rumfa, ya nuna masa inda ake neman aiki. Da wannan zumunci mutum zai yi shekara bakwai a ƙasar Larabawa yana cin tuwon dawa da miyar kuka, yana sallah bayan limami Bahaushe. Wasu sun isa Makka sun dawo da furfura, wasu sun isa sun zauna, wasu ko Bahar Maliya ba su gani ba, jikokinsu suna nan a Sudan har yau.

Kada mai karatu ya ɗauka duk daɗi ne. Akwai ƙishirwa da 'yan fashi da annoba. Marasa kuɗin jirgin ruwa sukan shiga ƙananan jiragen Larabawa a ɓoye, a sauke su a wani gaɓar da ba kowa. Mafi muni, akwai yaran da aka rabo da iyayensu da sunan za a kai su Hajji, aka sayar da su bayi a Hijaz, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Wani lokaci mai masaukin da aka amince wa shi ne dillalin. Wannan babi ne da ba mu cika son buɗewa ba.

Abin sha'awa shi ne, abin da alƙalami bai rubuta ba, tukunya ta adana. Duk wanda ya je Hartum ko Umdurman zai ga ana gasa nama da garin ƙuli da yaji, ana kiransa agashe, kuma 'yan Sudan da kansu sun san daga Hausawa ya zo. Akwai wani abin sha na gero da nono da suke kira godogodo, ɗan'uwan furarmu. A Makka da Jidda kuwa akwai gasasshen naman da Larabawan Hijaz ke kira sereh, wanda ba kowa ba ne illa tsirenmu ya sa jallabiya. Masu tafiyar ƙasa ba su bar mana littafi ba, amma sun bar wa Larabawa girki.

Jirgin Ruwa, Mota da Jirgin Sama

Gajartar tafiya daga sarakuna da attajirai ta fara. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya gangara Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki Joji na biyar, sannan ya wuce Jidda, lokacin Makka tana hannun Sharif Husaini. Cikin 'yan watanni ya je ya dawo, aka kuma rubuta labarin tafiyar. Alhasan Ɗantata ma ta jirgin ruwa ya je a farkon shekarun 1920. Sai dai wannan hanya ta masu hali ce.

Talaka bai samu sauƙi ba sai da mota ta shigo. A 1948 Alhaji Mahmudu Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda aka taƙaita sunanta da WAPA, suna ɗaukar maniyyata a manyan motoci zuwa Sudan, daga baya kuma suka shiga harkar jirgin sama. Yaran yanzu da ke zuwa Wapa a Fagge canjin Riyal da Dala, kaɗan ne suka san daga inda sunan ya fito. A 1953 Alhaji Abubakar Imam ya kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai a Ikko cewa a buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda, ya je Hajji a shekarar ya ga halin da suke ciki da idonsa. Sardauna ya je a 1955. Sannu a hankali gwamnati ta karɓi aikin madugu: hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sannan NAHCON a 2006. A 1977, lokacin kuɗin man fetur, alhazan Nijeriya sun haura dubu ɗari.

Saurin ma da nasa kuɗin fansa. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi a filin jirgin Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani da ya nufi Sakkwato ya kama wuta bayan tashinsa daga Jidda, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu.

Ɗaki da Tukunya a Makka

Alhajin jirgin sama na shekarun 1960 zuwa 1990 yana sauka sai ya faɗa hannun muɗawwafi, watau Balaraben Makka da aka danƙa wa alhazan wata ƙasa. Shi ke riƙe fasfo, ya ba da ɗaki, ya shirya mota zuwa Mina da Arfa, ya sa yaransa su ja ɗawafi. In mai karatu ya duba da kyau, fatoma ne da rawanin Larabawa. Ɗakin kuwa daɓe ne da katifu jere, mutum takwas ko goma, 'yan gari ɗaya su nemi juna. Jakar kowace Hajiya tana ɗauke da ƙasar Hausa a ƙunshe: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, dambun nama, kilishi, garin ɗanwake, da goro ga mai ƙarfin hali, domin hukuma ta daɗe tana gargaɗi a kansa. A saya risho ko ɗan murhun gas, a ɗora tukunya a baranda.

Wannan girki ya zo ƙarshe ne ta hanya mai ciwo. A watan Afrilu na 1997 wuta ta tashi a tantunan Mina, aka danganta ta da tukunyar gas, fiye da mutum 300 suka rasu. Bayan haka Saudiyya ta kafa tantunan da ba sa cin wuta, ta tsananta hana girki. Yau kuɗin abinci yana cikin kuɗin kujera, wanda ya haura Naira miliyan takwas a 2025, kamfanonin girki ke kawo shi a 'yan kwalaye, alhaji kuma yana kwana a bene mai lif da na'urar sanyaya ɗaki. An samu tsabta da aminci. Amma duk wanda ya zauna da alhazai ya san ƙorafin farko a kan abinci yake.

Saboda haka har yanzu ƙafa takan ja mutum zuwa Shara Mansur da lungunan Misfala, inda Takari ke sayar da tuwo da waina da koko. Da yawansu jikokin masu tafiyar ƙasa ne, ko waɗanda suka zo Umra suka maƙale ba takarda, suna ciniki ido ɗaya a kan tukunya ɗaya a kan motar askar. Abincin garin kuwa, shinkafar kabsa da ta Bukhari, gurasar tamis da wake da safe, ba kowa ke kusantarsa ba. Wanda ya ci nasara a kanmu shi ne kajin Albaik, kamfanin da aka kafa a Jidda a 1974, wanda layinsa kan cika da 'yan Nijeriya. Abin dariya ne a ce mutum ya keta nahiya guda, abin da zai ba da labari soyayyar kaza ce.

Kallo fa? Mu ba ma cewa yawon buɗe ido a can, ziyara muke cewa, kuma jerinta sananne ne: a Madina, Masallacin Annabi (SAW) da Baƙi'a da Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini, a Makka kuma Dutsen Nur da na Saur. Mota ta tsaya, a yi addu'a, a ɗauki hoto, a koma. Ibada ce ta kai mu, ba mu musun haka. Sai dai garin da ke kewaye da ibadar yana sauyawa a gaban idonmu ba mu rubuta ba. Tsohuwar ganuwar Ajyad ta Turkawa da ke kallon Harami an rushe ta a 2002, aka gina dogon benen agogo mai tsawon mita 601 a wurin. Tsakanin Makka da Madina, da raƙumi kan yi kwana goma ko fiye, jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018 yana yi cikin awa biyu da 'yan mintoci. Unguwanni da dama da alhazanmu na 1975 suka kwana a ciki yau filin marmara ne. Abin da ya rage mana na wancan zamani sai ɗan abin wasan nan mai kama da kyamara da ake kawo wa yara tsaraba, a kanga ido a danna a ga Ka'aba, a danna a ga Arfa. Da yawanmu ta wannan ɗan rami muka fara ganin Asiya.

Gaba da Hijaz

'Yan Kano-Jidda, masu kai kaya su sayo gwal da atamfa da turare, su suka koya mana gajeriyar tafiyar kasuwanci. Daga shekarun 1990 akalar ta karkata Dubai, bayan 2000 kuma ta wuce ƙasar Sin. Kakanni sun je Gwanja, jikoki suna zuwa Gwanzu. A Dubai ɗan kasuwarmu yakan sauka a ƙananan otal-otal na Deira, kusa da kasuwar Naif da ta gwal, ya yi kwana biyar tsakanin shago da ofishin masu aika kaya. Benen Burj Khalifa mai mita 828, da aka buɗe a 2010, sau da yawa daga tagar mota yake hango shi.

A Gwanzu, inda ake baje kolin Canton sau biyu a shekara tun 1957, 'yan Afirka sun taru a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. Wanda zai tarbi baƙo a filin jirgi ejan ne, galibi ɗan gida da ya je karatu ya iya harshen. Shi zai kama masa ɗaki, ya kai shi masana'anta, ya yi ciniki a madadinsa, ya ɗauki kamashonsa. Fatoma ke nan karo na uku, wannan karon da wayar hannu. Tsoron naman alade yakan sa baƙo ya maƙale wa gidajen abincin Musulmin ƙasar, 'yan Hui masu taliyar da ake ja da hannu da 'yan Uigur masu gasasshen rago, ko ya bi ejan zuwa wani ɗaki a saman bene inda ake tuƙa tuwo ba da sanin hukuma ba. Ran Juma'a a je masallacin da ke kusa da kabarin da Musulmin Sin ke cewa na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, ko da yake malaman tarihin Musulunci sun ce a Baƙi'a aka binne shi. Wannan saɓani kaɗai ya isa maƙala.

Ranar da masauki ya ƙi, a ranar ake sanin darajarsa. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Gwanzu, wasu suka kwana a titi, har Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa rashin jin daɗin Nijeriya. Otal ba zaure ba ne, ba ya jin kunyar korar baƙo.

Kazaure tana da nata kason na musamman a wannan tarihi. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, an kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Informatics a garin, da haɗin gwiwar wani kamfanin ilmi na Singafo, wasu daga cikin ɗalibanta kuma suka je can ƙaro karatu. A duba fa: yaron da ya tashi a Gwiwa ko 'Yankwashi, ga shi a tsibirin da aka hana sayar da cingam tun 1992, yana neman tambarin halal a rumfunan abinci, yana cin shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, yana Juma'a a Masallacin Sultan da ke Kampong Glam. Waɗannan ɗalibai yanzu magidanta ne, suna cikinmu, labarin kuma yana bakinsu.

Me Muka Rubuta?

Abin kunya ne, ko kuwa abin koyi, cewa wanda ya fi kowa iya ba da labarin tafiya a Hausa yaro ne da aka 'yanta daga bauta. Dorugu, mutumin Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, ba nisa da iyakarmu ta Ɓaɓura, ya bi Baturen nan Barth har Ingila a 1855. Ya ba Schön labarinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu bai raina ƙaramin abu ba. Ya tsaya ya bayyana yadda Turawa ke zama cin abinci da irin kayan da suke ci da su, kamar mai ba ƙanensa labari. Saboda haka har yau ana karanta shi. Bayansa Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi kan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama kan tasa tafiyar Turai. Imam ya kuma rubuta labarin Hajjinsa. Amma in aka auna da yawan mutanenmu da suka taka Asiya, wannan ɗigo ne a bakin tulu. Turai muka ɗauka abin ba da labari, Gabas kuwa ko dai wurin ibada ce da ba a siffantawa, ko ƙasar aljannu irin wadda Gandoki ya faɗa.

Littattafanmu na soyayya, tun daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa waɗanda ake sakawa a intanet yau, cike suke da jirgin sama. Alhaji ya tafi Dubai haɗo lefe, an fitar da Hajiya Indiya asibiti, yarinya tana karatu a Malesiya. Amma a cire sunan garin a sa wani, babu abin da zai sauya a labarin. Otal ɗin kullum "haɗaɗɗe" ne, abincin "na alfarma", garin "ya tsaru". Ba wari, ba ƙamshi, ba farashi, ba direban tasi da ya zagaya da mutum, ba zawon da baƙon abinci ke sawa. Wanda bai je ba ba mu ce ya yi ƙarya ba, ya je Kantin Kwari ko Wapa ya zauna da wanda ya je, ya yi tambaya irin ta mai son sani. Wanda ya je kuwa, ya yi ƙoƙari ko sau ɗaya ya saki hannun mai masauki, ya shiga motar haya ta 'yan gari, ya ci abin da suke ci in halal ne, ya rubuta a daren kafin ya manta.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne na tsofaffi. Tafiyar ƙasa ta ja baya tun da jirgin sama ya yawaita, wanda aka goya ko aka ja hannunsa a hanyar Sudan a 1950 yau ya ba saba'in da biyar baya. A ƙauyukan Roni da Gwiwa da Ɓaɓura a nemi Alhajin ƙasa ko Hajiyar da aka haifa a hanya. Kada a tsaya ga shekarar tafiya da ta dawowa. A tambaye ta sunan shehun da ya sauke su a Fashir, da abin da ake ba mai tsinkar auduga a yini, da me suka yi miya ranar da kuka ta ƙare, wa aka binne a wane gari, me ta fara gani da jirgi ya doshi Jidda. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa ɗaukar muryar. Haka Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, tana rubuta abin da tsohuwar ke faɗa kan aure da girki da bauta da kasuwa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954.